Ɗan Doro, Macijin Rumbunmu

Ranar wata Asabar da hantsi, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya tsaya a gindin rumbun geronmu a Kashin Zama, ya jingine sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya yi wa maciji sallama. Lokacin an gama cire albasa ke nan, tsakar gida duk ta ɗauki warin lawashi, idon kowa na zubar da ruwa. Ni da Inna muna zaune muna yayyanka lawashin da za a daka a yi gabu, busasshen lawashin miya, ƙanena Ummaru kuma an tura shi ƙarƙashin rumbu ya jawo tsofaffin tabarmin da za a lulluɓe rudu da su, wato rumfar karan da muke jera albasa a kai don ta sha iska. Yana jawo tabarma ta biyu sai ya ƙwalla ƙara, ya fito da baya da baya, ya bar takalminsa ɗaya a can. Baba ya taho da sanda a ɗage, ni kuma na biyo bayansa da wuƙar lawashi a hannu, don tun ina ƙarama ba a yin wani abu a gidanmu ban sa ido ba.

Macijin ba wani babba ba ne. Tsawonsa bai wuce hannuna ba, kaurinsa kamar babban yatsan Baba, jikinsa ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi, da zane fari biyu a gefen kansa. Abin da ya sa muka tsaya kallo shi ne bayansa. A tsakiyar jikinsa akwai wani lanƙwasa mai tudu, ƙandararre, wanda ba ya miƙewa ko da sauran jikin ya miƙe. Ya yi yunƙurin guduwa, amma sai gaba ya ja, baya ya tsaya yana jiran tsakiya. Baba ya ɗaga sanda zai sauke masa, sai Kaka, mahaifin Baba, ya riƙe ta ta baya. Kaka tsohon mai ɗori ne, a Aliero ya koyi sana'ar tun yana saurayi, kuma har lokacin ana kawo masa masu karaya a zaurenmu. Ya ce, "Dakata tukuna. Macijin da anka iske cikin gida ba a kashe shi sai an yi mai gargaɗi." Haka muka taso muka tarar. Ana cewa wani lokaci aljani kan shigo gida da siffar maciji, don haka sai a roƙe shi ya fita, a ba shi wa'adin 'yan kwanaki. In ya tafi shi ke nan, in kuwa ya ƙi, to jininsa na kansa.

Abin da ya sa Baba ya jingine sanda ke nan. Ya yi gyaran murya kamar zai yi magana da hakimi, ya ce, "Salamu alaikum, bawan Allah. Ko kai wane ne, mun haɗa ka da Allah ka hita muna gida. Ba mu cuce ka ba, kada ka cuce mu." Ummaru da ke laɓe bayan zanen Inna ya fashe da dariya, ya sha ranƙwashi nan take. Macijin dai ya fito da harshe ya mayar, bai ce komai ba. Inna ta kwashe kajinta ta rufe a akurki, ta yayyafa kananzir a ƙofar ɗaki, ta kafa mana doka cewa duk wanda ta gani kusa da rumbu sai ta karya masa ƙafa, Kaka ya ɗora.

Kwanakin wa'adin nan ban san abin da aka koyar a makaranta ba. Da safe mukan share fili da tsintsiyar kaba, a buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin dogon yaro, mu yi layi, malam ya duba farce da haƙora. In an fita tara, ni da ƙawayena Kulu da Hajaru mu zauna a inuwa mu baje duwatsun carabke, kowacce ta kwance ƙuli-ƙulinta a haɗa a ci tare. Ni ce gwanar carabke a ajinmu, ba yabon kai ba, amma a makon nan har Hajaru da ba ta iya ba sai da ta cinye ni. Hankalina yana gindin rumbu. Ana tashi nakan riga kowa isa gida, in tarar macijin nan yana nan, yau a bayan randa, gobe a gindin katanga. Kullum Baba ya dawo daga fadama sai ya leƙa, ya girgiza kai ya ce taurin kai ne, an yi masa magana ta mutunci ya ƙi ji.

Ni kuwa dokar Inna ba ta hana ni kallo ba, don cewa ta yi kada a je kusa, ba ta ce kada a duba daga nesa ba. Bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, har awaki su shige inuwar danga su yi lamo, sai in kife turmi in hau in zuba ido. A nan na ga abin da ba wanda ya gani. Macijin yakan bi gindin katanga a hankali har ya kai rariya, kafar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita waje. Da ma Baba ya cushe ta da duwatsu saboda gafiya, ya bar 'yar hanya wadda ruwa kawai zai wuce. Kan macijin yakan shige, rabin jikinsa ya bi, sai doron nan ya zo ya cije a bakin dutse. Ya ja, ya ja, ya murɗa, abu ya faskara. Sai ya dawo da baya, ya kwanta a danshi ya huta, can kuma ya sake gwadawa. Katanga ba ya iya hawa, dokin ƙofar zaure ya fi ƙarfinsa, ga mutane cike da zauren kullum. Tausayi ya kama ni, don na gane tun ranar farko ya ji gargaɗin, fitar ce ta gagare shi.

Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya idar da sallar la'asar ya ɗauko sandarsa. A gidanmu ɗiya mace ba ta tare mahaifinta da gardama, amma jika tana da kaka, kuma tsakanina da Kaka wasa ne har da zagi. Na ruga zaure na tarar yana fere karan ɗori, na ce, "Tsoho, kana ta cika baki kai mai ɗori ne, ga marar lafiya a cikin gidanka za a kashe shi ba ka ko duba shi ba." Ya ɗago ya ce, "Amaryata, wa ya karye?" Na kama hannunsa na jawo shi. Ya sa Baba ya dakata, muka jeru a inuwa, har Inna da muciya a hannu, muna kallon maciji yana kokawa da rariya. Ya shiga, ya maƙale, ya dawo, ya sake shiga. Can Baba ya sauke sandarsa, ya shafa gemu, ya ce a hankali, "Ashe hita shika so."

Baba ya kawo shawarar a ɗauke shi da sanda a jefa bayan katanga, kowa ya huta. Kaka ya ce bayan katanga yaran unguwa ne da duwatsu, kuma mutumin da ya ce wa halitta ba zai cuce ta ba, bai kamata ya miƙa ta ga masu cutarwa ba. Ya sa aka miƙo masa gwafa, ya danne kan macijin, ya kama wuyansa, ya buɗe bakin da tsinke ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba shi da dafi, irin masu bin rumbu suna cin ɓera ne. Daga nan ya rufe ido ya bi bayan da yatsunsa, gaɓa bayan gaɓa, yadda yake yi wa mutane. Ya danna doron, macijin bai ko zabura ba. Na ƙagu in ji ya ce a kawo kara da tsumma, sai ya buɗe ido ya ce, "Wanga ba karaya ba ta, haka anka halicce shi. Ni abin da ya karye nika ɗorawa." Ya sa shi a wani tsohon tulu, ya rufe da faifai, ya ajiye a bayan ɗakinsa, ya ce a ba shi lokaci a ga ko yana cin abinci, don abin da ke ci rai yake so. Ummaru ne ya raɗa masa suna Ɗan Doro, sunan kuma ya bi shi.

Ban yarda da maganar Kaka ba, don ni a lokacin gani nake babu abin da ɗori ba ya gyarawa. Na ga an shigo da ƙato a kan amalanke yana ihu, bayan wata biyu ya dawo da ƙafarsa ya kawo zabi na godiya. Saboda haka wata rana da Kaka ya tafi jana'iza Fagada, na tsinci karansa, na yage gefen tsohon zanen Inna, na lakato man shanu a kwalbarsa. Ummaru ya riƙe kan macijin yana karanta duk addu'ar da ya iya, ni kuma na shafe doron da mai, na jera kara, na naɗe tam, har da tofi kamar yadda na ga ana yi. Muna sakinsa, man shanun nan ya taimake shi, ya zare jikinsa sumul ya bar mana ɗorin a ƙasa kamar kuben wuƙa. Da Kaka ya dawo ya ga aikin, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce duk Aliero ba a taɓa yin mai ɗorin da marar lafiya ya fice ya bar mata ɗorinta ba sai ni.

Ciyar da shi kuwa sai da na shiga hannun Ummaru, kuma yaron nan bai ji tausayina ba. Shi ne sarkin farautar ɓera, ya san duk ramin da ke gindin rumbu da cikin dammunan dawa. Muka yi yarjejeniya, shi zai riƙa kawo jariran ɓera, ni kuma in ɗauke masa yankan ciyawar awaki da ɗebo ruwan yamma. Na farko da muka saka, Ɗan Doro ko kallonsa bai yi ba. Na biyu ma haka. Na fara kwana da fargaba, don na san in bai ci ba, maganar ta ƙare. Sai wata safiya na ɗaga faifai na tarar ya kama ɗaya yana haɗiya. Na durƙusa ina kallon ƙullin abincin yana gangarawa a hankali har ya iso doro ya tsaya. Ya murɗa, ya huta, ya sake murɗawa, ƙullin ya wuce. Na ruga na gaya wa Kaka kamar an yi mana haihuwa. Bayan haka ya yi saɓa, tsohuwar fatar ta sale tas sai a kan doron ta maƙale, Kaka ya nuna mini yadda zan jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in dinga shafawa har ta fita. Sabon jikinsa ya fito yana ƙyalli, ni kuma na ji ina sonsa, so na gaske, irin wanda nake yi wa ɗan akuyar da na raina da hannuna.

To amma magana ba ta zama a gida ɗaya a ƙauye. Kafin a kwashe albasar rudu, duk Kashin Zama an ji cewa Luba jikar mai ɗori tana kiwon maciji. A makaranta aka sa mini 'yar gardi. Kulu ta ce innarta ta hana ta taɓa duwatsun da na taɓa, Hajaru ta janye ƙuli-ƙulinta gefe. Da yamma in 'yan mata sun taru a dandali ana gaɗa, ina isowa sai da'irar ta tsuke, ba wadda ke son ta faɗo a hannuna. Ni da bakina ba ya mutuwa, na rama da baƙar magana iyakar iyawata, amma in na dawo gida sai in shige bayan rumbu in yi kuka. Abin bai tsaya kaina ba. Matan maƙwabta da suka saba shigowa taya Inna dakan gabu, ana yi ana hira ana shewa, duk suka ɗauke ƙafa, ta koma daka ita kaɗai. Ranar da abin ya kai maƙura, yayar Inna ce ta zo takanas daga Fagada, ta ji labari a zaure, ta juya ko ruwa ba ta sha ba. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni kitso ranar Juma'a, ta kitse kaina tsaf ba ta ce mini uffan ba, ita da ta saba ba ni labarin ƙuruciyarta tun daga tsaga ta farko har ta ƙarshe.

Baba ya dawo daga kasuwar Jega da labarin wani gardi daga wajen Maiyama da ya ce zai karɓi Ɗan Doro, wai maciji mai doro zai tara masa jama'a. Na taɓa ganin wasan gardawa, na ga yadda ake fizgo su ta wutsiya daga akwati, a wulwula, a cusa su a mayar cikin rana tsaka. Na ce wa Kaka ko sama da ƙasa za ta haɗe ban yarda ba. Kaka ya bar wasa a ranar, ya kira ni da sunana, abin da ba ya yi. Ya ce ni na tsaya wa macijin nan, don haka ni zan yanke. In na ga dama in kai shi fadama in sake shi, Allah da ya halicce shi ya san yadda zai yi da shi. In kuma riƙewa zan yi, to in sani amana ce, ba wasan 'yar tsana ba da ake jefarwa in an gaji, kuma irinsu suna daɗewa, har a yi mini aure yana iya kasancewa da rai. Ya ƙara da cewa in tuna uwata ma tana da haƙƙi a kaina.

Na yi ta jujjuya maganar nan a kan hanyar rijiya, da wajen surfe, da gaban allo a makarantar yamma. In na tuna ƙullin abinci yana wuce doro sai in ce ba inda za shi. In na ji sautin taɓaryar Inna ita kaɗai sai in ce gobe zan kai shi. Ina son carabke, ina son gaɗa, ina son Inna ta dawo tana ba ni labari. A ƙarshe na gaya wa kaina cewa ai maciji ɗan daji ne, tulu ba gidansa ba ne, kuma tunda yana ci yana saɓa, zai iya da kansa. Da na samu wannan hujja sai na riƙe ta da hannu biyu, don ita ce ta fi mini sauƙi.

Wata safiyar Lahadi na ɗora tulun a ka na nufi fadama ni kaɗai. Gonakin albasa duk an kwashe, sai fangalai a bushe, ƙasa ta tsattsage, ga rijiyoyin ban ruwa nan a buɗe. Can gaba akwai wani kwari mai ciyawa da ɗan danshi, inda na san ba a rasa kwaɗi da ɓeraye. Na tsaya nesa kaɗan a fili, na kwantar da tulun, na buɗe, na saita bakinsa wajen ciyawar. Ɗan Doro ya leƙo, ya ɗanɗana iska da harshe, ya fito ya kama hanya. Na ce masa ya sauka lafiya, na juya zan tafi, sai dai na kasa, na tsaya in ga shigarsa ciyawa. A gida ban taɓa ganin tafiyarsa a sarari ba, kullum katanga yake bi tana saita shi. A nan kuwa da ba abin jingina, sai na ga doron yana karkatar da shi hagu. Yana ja da iyakar ƙarfinsa, kansa na neman ciyawa, amma tafiyar tana lanƙwashewa, tana lanƙwashewa, har ya yi wani babban zagaye ya dawo daf da ƙafata.

Na ɗauke shi na matsa gaba, na sake saita shi. Ya sake zagayowa. Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce ƙauna ce ta dawo da shi ba, na sani sarai doro ne, kuma sanin hakan ya fi ƙona mini rai. Ina iya ɗaukarsa in sa shi cikin ciyawar da hannuna, amma daga nan fa? Wane ɓera ne zai tsaya ya jira mai zagaye? Ina cikin wannan tunani inuwa ta gifta a ƙasa, na ɗaga kai na ga shaho yana shawagi, ya riga ya gan shi. Haushi ya kama ni, na hau macijin nan da faɗa kamar yadda nake yi wa Ummaru. Na ce masa ya raba ni da ƙawayena, ya haɗa ni da uwata, ga shi an ba shi daji guda ya kasa tafiya. Ina faɗa ina share majina da gefen mayafi. Da na gaji, na tallabo shi na mayar cikin tulu, na rufe, na ɗora a ka. A hanyar dawowa ina tsoron haɗa ido da Inna, amma zuciyata ta daina kai da kawo.

Na tarar da ita a bakin turmi. Ta dubi tulun, ta dube ni, ta ga idona ya kumbura. Ta ce, "Ƙaƙa, ya ƙi tahiya?" Na ce, "Ba ya iyawa, Inna. In ya tafi zagayowa yake yi. Ni kuma na kasa barinsa." Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba, har na fara tunanin in juya. Can ta jingine taɓarya, ta shiga madafa, ta mirgino tsohuwar randarta mai tsaga, wadda ta fi tulun faɗi nesa ba kusa ba. Ta ce, "To wanda ba ya iya tahiya, ina za a kore shi ya tahi? Kai shi bayan rumbu. Kada in gan shi ƙohwar ɗakina, kuma ki wanke hannu da toka kahin ki taɓa mini kwano. In ya mutu da yunwa, ke da Allah." Na durƙusa zan yi godiya ta ce in tashi mata daga gaba, ina warin maciji. Da yamma ta kira ni ta ce kitson da ta yi mini bai yi kyau ba, ta tsefe ta sake, ta ba ni labari tun daga tsagar farko.

Ƙawayena kuwa son gani ne ya dawo da su. Kulu ce ta fara zuwa, wai aron tsintsiya, ta leƙa randa da ido ɗaya ta ruga, washegari ta dawo da Hajaru. Kafin damina ta sauka mun koma carabke, na kuma rama duk cin da aka yi mini. Matan unguwa ma suka dawo ɗaya bayan ɗaya, sai dai kowacce ta shigo takan zauna ta ba rumbu baya. Sunan 'yar gardi dai bai bar ni ba, har yau akwai masu kirana da shi a ƙauye, ina kuma amsawa. Da aka kai ni makarantar kwana a Jega na bar wa Ummaru amana, ashe shi ya riga ya fara bin motocin albasa, ba ya zama gida. Na dawo hutu, na zagaya bayan rumbu, sai na tarar da Inna tsaye nesa da randa, ta miƙa dogon ludayi da ɗan ɓera a ciki, ta kau da kai gefe tana cewa, "Ci, munahuki, uwarka ta tahi boko ta bar ni da wahala." Ɗan Doro ya yi ƙiba har ya fi yadda na bar shi. Ya rayu har bayan rasuwar Kaka, ya mutu a cikin randarsa wata damina, cikinsa a ƙoshe.

Yanzu ina zaune a Sabon Garin Jega, gidan siminti mai ƙofar ƙarfe, ina koyarwa a wata firamare. Rumbun nan na Kashin Zama ya rushe, hatsi a buhu ake zuba shi a kulle a ɗaki, ɓera kuma magani ake barbaɗa masa. 'Ya'yana ba su taɓa ganin maciji ba sai a waya, kuma in ina ba su labarin nan sukan dubi juna suna murmushi, wai Mama ta iya shiri. In mun je gida nakan ce su tambayi kakarsu. Inna ta tsufa, idonta ya rage gani, amma da sun tambaye ta ko gaskiya ne ta taɓa ciyar da maciji sai ta gyara zama ta ce, "Ni? Allah shi sawwaƙe." Sai can in hira ta lafa, ta juyo wajena ta ce ai ɗan banzan nan ya fi son ƙananan ɓeraye, manya tsaya masa suke yi a doro. Gidana tsaf yake, ko tsaka ba ta samun kafar shiga, kuma ba ni da abin da zan ce na rasa a cikinsa. Amma ina kewar gidan da aka matsa wa maciji mai doro ya samu wurin zama.